Wasiƙa zuwa ga Mamana

Assalamu alaikum, Mamana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu? Mahaifiyarki ta ce mini kina shirin daina rubuce-rubucen nan naki na dare, wai ƙawayenki sun ce shirmen yara ne. Kafin ki yanke shawara, ki ji labarin wata sa'arki, Anne Frank.

An haife ta a birnin Frankfurt na Jamus ran 12 ga Yunin 1929, iyayenta Yahudawa ne. Da Hitler ya hau mulki a 1933, mahaifinta Otto ya ga ƙasar ba ta zaunuwa ga Yahudawa, sai ya koma Amsterdam ta ƙasar Holan ya kama kasuwanci, iyalin suka biyo shi. Yayarta Margot shiru-shiru ce. Ita kuwa Anne bakinta ba ya hutawa, har malamin lissafi ya yi mata horo da rubuta insha'i a kan mai surutu. Ta rubuto masa cewa gado ta yi wajen uwarta, gado kuwa ba a raba mutum da shi.

Ranar da ta cika shekara 13, a 1942, aka ba ta kyautar littafin rubutu mai bango ja da fari. Lokacin ana Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta riga ta mamaye Holan tun Mayun 1940. Ba a yi wata guda ba aka aiko wa Margot sammacin aikin tilas. Washegari, 6 ga Yuli, suka ɓuya a ɗakunan bayan ofishin mahaifinsu, daga baya aka rufe ƙofar da kantar littattafai. Su takwas har da wasu Yahudawa da suka ɓuya tare da su, shekara biyu, da rana sai raɗa da sanɗa saboda ma'aikatan da ke ƙasa.

To, ki duba abin da ta cika ranakunta da shi. Ta manna hotunan taurarin fim a bangon ɗakinta, suna nan har yau. Tana bin salsalar gidajen sarautar Turai, wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Tana son tarihi da tatsuniyoyin Girkawa da Romawa, tana koyon Faransanci da Turanci, aljabara kuwa ko kaɗan ba ta ƙaunarsa. Ta ƙirƙiro ƙawa mai suna Kitty tana rubuta mata damuwarta, har da saɓaninta da mahaifiyarta. Da ƙawayenki sun leƙa, da sun ce wannan ma shirme ne.

Wurin da nake so ki tsaya shi ne Maris 1944. Ta ji wani ministan Holan, Bolkestein, a rediyo daga Landan yana roƙon mutane su adana abin da suka rubuta lokacin yaƙi. Sai ta koma kan tsofaffin shafukanta tana sake su a warwarar takardu, ta rage nan, ta ƙara can, don burinta ta zama 'yar jarida kuma marubuciya. Yarinya 'yar shekara 14 tana gyaran aikinta babu malami a kanta! Wannan ne ya fi burge ni.

An kama su ran 4 ga Agustan 1944. Ta rasu a sansanin tsare mutane na Bergen-Belsen da ke Jamus a farkon 1945, tana da shekara 15. Otto kaɗai ya tsira cikinsu. Miep Gies, wadda ke kai musu abinci, ita ta tattara takardun ta ba shi, aka buga su a 1947. In wani ya ce miki ai Bayahudiya ce, ki ce masa yarinya ce da aka zalunta saboda asalinta, zalunci kuwa haramun ne a kan kowa.

Ki ci gaba da rubutunki, Mamana. Ki riƙa sa kwanan wata a kan kowane shafi, ki riƙa aron littattafai a laburaren makaranta, in an kwana biyu ki koma ki gyara abin da kika rubuta. Lissafi kuma kar ki yi masa irin ƙiyayyar Anne, jarrabawa na tafe.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki