Wasiƙa daga Maradi: ka jira lokacin mai ɗurin baki

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Yaya sanyin can? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, in ka tsaya bakin Gulbi da safe da ƙyar kake hango ƙetare. Inna ta samu sauƙin ƙafar, ta ce a gaishe ka da kyau.

Saƙonka ya iso. Ka ce abokan aikinka na jihar Fensilbaniya ta Amurka sun gayyace ka farautar barewa, sun kuma bar maka zaɓi: ko ka bi su lokacin bindigar zamani, ko ka jira bayan Kirsimeti, sa'ad da hukuma ke buɗe daji har cikin Janairu ga masu bindiga mai ɗurin baki, irin wadda dutsen ƙanƙara ke tayar wa wuta. Ka yi mamakin mutanen da ke da bindiga mai madubin hange su koma ga ƴar'uwar adaka. Ni shawarata ɗaya ce, ka jira na bayan Kirsimetin.

Ka san Kawu, Allah ya jiƙansa, da adaka ya yi halbi har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuwa nake riƙe masa burgame. In zai yi ɗuri sai ya kafa gindin bindigar a ƙasa, ya karkatar da bakinta nesa da fuskarsa. Ya auna albarushi da wani guntun ƙaho da ya yanke daidai awo, ya zuba, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ƙarfe. Sannan dalma, sannan wani tsumman, ya sake dannawa. Ba ya magana in yana wannan aiki, ba ya kuma yarda a yi masa. Kafin a gama duk wannan, barewar da aka kuskure ta yi nisan da ko ƙurarta ba ka gani. Halbi guda gare ka, shi ke nan.

Wannan halbi gudan shi ke mayar da mutum mahalbi. Mai bindigar zamani yana iya kayar da dabba daga mita 300, bai san warinta ba, ita ma ba ta san da shi ba. Mai ɗurin baki dole ya matso mita 50 ko kusa da haka, kuma kafin ya kai nan sai ya san komai. Kawu yakan ɗebi toka a ɗan yatsa ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa. Yakan murza kashin dabba ya ce ta kwana nan ko ta wuce tun jiya. Na ga ranar da ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, yana rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo, har gada ta ɗago ta dube shi ta ci gaba da cin ciyawarta. Sau da yawa yakan kai wurin ya sauke bindiga bai halba ba, don ta juya masa baya, ko don ya ga mai ciki ce.

Abin da ke ci mini rai, aboki, shi ne yadda dajinmu ya koma. Dattawa suna ba da labarin barewa da gwanki a Baban Rafi, yau yaran Madarunfa da yawa sai a hoto suka san su. Farin 1973 da na 1984 sun yi nasu, gatari da gonaki sun yi nasu. Amma ba adaka ce ta share garke ba. Wanda ya zo da mota da fitila cikin dare, da bindigar da ke zubo harsashi ba tsayawa, shi ke kwashe a dare guda abin da mahalbin ƙauye ba zai kashe a shekara ba. Ɗan abin da ya rage mana a jihar nan yana gandun Gadabeji, can ƙasar Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955. A 2018 an kai raƙuman dawa 8 can daga Kure ta kusa da Yamai, na yi murna ƙwarai. Dokar farauta ta 1998 tana nan, sai dai dajin da faɗi, ma'aikatan gandun daji kuwa kaɗan ne.

Su ma mutanen can sun taɓa kai wa nan. Wajen 1900 barewarsu mai farar wutsiya ta ragu zuwa kamar rabin miliyan a duk Amurka. Suka tsayar da lokacin farauta, suka ƙayyade abin da kowa zai kashe, a 1937 kuma suka yi dokar da ke juya harajin bindiga da harsashi zuwa kula da namun daji. Yau ana maganar miliyan 30. Ka buɗe ido ka ga yadda suke tafiyar da abin, ina son ji daga bakinka.

To amma kada ka raina bindiga mai ɗurin baki don ta tsufa. Baƙin albarushi kaɗai ake zuba mata, ko abin da aka yi musamman a madadinsa. Garin harsashin zamani yana fasa bututu, kuma ka san masu guntun yatsu a ƙauyukanmu ba su da wuyar gani. Ka yi wa sandar ɗuri alama, don ka gane in akwai ɗuri a ciki kada ka ƙara wani a kai. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakinta yana kallon daji na minti guda ko fiye, wani lokaci wutar jinkiri take yi. Raɓa da ƙanƙarar sama abokan gabar albarushi ne, ka rufe wurin wutar da kyau. Ranar da ka halba, ranar za ka wanke bututun da ruwan zafi, ka busar, ka shafa mai, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi.

Kada kuma kwaɗayi ya sa ka halba daga nesa. Raunata dabba ta je ta mutu cikin ƙungurmi alhaki ne. Hayaƙi zai rufe maka ido bayan halbi, saboda haka tun kafin ka ja kunama ka riƙe wata itaciya ko dutse a inda take tsaye, daga nan za ka fara bin jini. Ka yi bisimilla lokacin halbi, ka tafi da wuƙa mai kaifi, in ka tarar da sauran rai ka yanka.

Ka fara yin karatun da suke sa sabon mafarauci, ka yanki takardar izini, ka tambaya ko takardunka na zama sun ba ka damar riƙe bindiga. Ka samu tsoho cikinsu ka yi ta gwaji da shi kafin ranar.

Ka gaida maiɗakinka da yara. In ka dawo daga dajin ka rubuto mini, ko ka samu ko ba ka samu ba.

Naka,
amininka na Maradi