A daina hukunta fanka kafin a binciki injin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana da masu a-kori-kura da 'yan'uwana masu gyara, kan wata matsala da ake yi wa riƙon sakainar kashi: fankar injin da ke gudu da iya ƙarfinta ba hutu, tana ƙugi ko da injin bai ɗumama ba. Sana'ata gyaran wayar mota ce, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sai an gama cire fiyus, ko an yanke waya, ko an sayi sabuwar fanka, sannan a kawo mana motar. Alhali sau da yawa fankar lafiyarta ƙalau.

A motar da ke da fankar lantarki, kwamfutar mota ce ke ba fanka umarni. Ita kuma kwamfutar tana dogara da wata 'yar sensa da ke nutse cikin ruwan injin, galibi kusa da tamostat (wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama), tana auna zafi. Idan wayar sensar ta tsinke, ko bakin soket ɗinta ya yi tsatsa, sai kwamfuta ta riƙa ganin lissafin da ba zai yiwu ba, kamar digiri 40 ƙasa da sifili. Masu ƙera motoci da yawa sun tsara cewa da zarar kwamfuta ta daina yarda da sensa, ta sake wa fanka wuta gaba ɗaya, don gara hayaniya da ƙonewar injin. Saboda haka ƙugin nan ba lalacewa ba ne a karan kansa, mota ce ke kare kanta.

Gwajin ba shi da wuya. Da safe, kafin a tayar da mota, a jona na'urar karanta kwamfuta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, daga baya ya game duniya. A duba zafin ruwa. Motar da ta kwana a ajiye, zafin ruwanta ya kamata ya yi kusa da na iskar waje. Idan ya nuna abin da ya yi nisa da haka, to an kama ɓarawo. Lambobin matsala da na'urar ke karantowa, P0117 da P0118, su ma layin sensar nan suke nunawa. Ni dai kafin in ce a sayi sensa, sai na zare soket na haska ciki. Na sha ganin koren tsatsa ya lulluɓe 'yan haƙoran ƙarfe biyu da ke cikin soket ɗin, ana gogewa fanka ta yi shiru.

Inda na fi so a saurare ni shi ne batun tamostat. Akwai masu cire shi su yar, wai don kada mota ta yi zafi. Wannan ɓarna ce. Tamostat shi ke tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, yawanci tsakanin digiri 80 da 90 a ma'aunin Celsius, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Idan babu shi, ko ya maƙale a buɗe, injin ba zai ɗumama a kan lokaci ba, zai sha mai fiye da ƙima, kuma kwamfuta ta rubuta P0128. A motoci irin su Chevrolet Silverado da GMC Sierra, wannan lambar kaɗai tana iya sa fanka ta tashi da ƙarfi, allurar zafi ta kwanta, na'urar sanyaya cikin mota ta ƙi aiki. Ka ga sanyi ne ya yi wa injin yawa, amma mai mota yana jin ƙugi sai ya ɗauka zafi ne, a ƙara masa wani gyaran da bai dace ba. Haɗa fanka kai tsaye da makulli ma ɗan'uwan wannan ne: an rufe bakin da zai gaya maka akwai matsala.

Idan kuma an kashe mota, an zare makulli, fanka ta ci gaba har batir ya mutu, sai a duba rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke sake wa fanka wuta. Wasu motocin kan bar fanka ta yi 'yan mintoci bayan an kashe su, wannan ba komai. Amma wadda ta ƙi tsayawa, galibi bakin rile ne ya narke ya manne. A musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin fiyus a gani. Haka nan sensar da ke auna matsin gas na na'urar sanyaya mota, idan ta lalace ko gas ya yi yawa, tana sa fanka gudu.

Kada a manta cewa wani lokacin injin ne ke zafi da gaske: ruwa ya ragu, ko laka da ƙura sun toshe fuskar lagireto, ko murfinsa ya daina riƙe matsi. Kada a buɗe murfin sai injin ya huce.

Akwai kuma masu fankar da bel ke juyawa, irin ta Toyota Hilux mai amfani da dizal. A tsakiyarta akwai kuloci mai man silikon a ciki, wanda ke kamawa idan zafi ya tashi, ya saki idan ya sauka. Ƙugi na minti ɗaya ko biyu da sassafe al'adarsa ce. Amma idan ƙarar tana bin totur duk tsawon tafiya, a kashe injin, a bari ya huce, a juya fankar da hannu. Ya kamata ta juya da ɗan tauri kaɗan. Idan ta ƙi motsi, ko aka ga mai ya tsattsafo a jikin kulocin, ya lalace, kuma barinsa haka yana wahalar da famfon ruwa.

Roƙona ga yaran gareji: fankar lantarki tana iya tashi ko da injin a kashe yake, don haka a cire kan batir kafin a sa hannu. Mai mota kuma, kafin ka yarda a yanke maka waya ko a cire tamostat, ka ce a nuna maka lambar da na'ura ta karanto da zafin da sensa ke nunawa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani mai gyaran wayar mota