Wasiƙa zuwa ga abokina, kan gardamarmu ta 50 Cent

Assalamu alaikum mutumina,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya baƙunta? Saƙonka ya iso, na kuwa sha dariya da na zo inda ka ce ka saka wa ƙaninka waƙar 50 Cent a mota, ya tambaye ka ashe mai shirya fina-finan nan yana waƙa. Yaron bai yi laifi ba. Inda ban yarda da kai ba shi ne da ka ce basira ce ta ƙare wa mutumin. Ni a ganina labarinsa ne ya ƙare, shi kuwa bai samo wani ba.

Ka tuna abin da ya ja mu gare shi a 2003. Ga matashi daga unguwar South Jamaica a birnin New York, an ɗirka masa harsashi tara a 2000, ɗaya ya shiga ta kumatu har ya sauya masa lafazi, kamfanin Columbia ya yar da shi, sai Eminem da Dr. Dre suka tsince shi a 2002. Sunan faifansa na farko ma, Get Rich or Die Tryin', rantsuwa ce: ko dai a yi kuɗi, ko a mutu wajen nema. Kwafi 872,000 aka saya a makon farko a Amurka. Duk wanda ya ji muryar nan ya san mai ita ya leƙa kabari ya dawo.

To, ya yi kuɗin. A shekarar ya sayi katafaren gidan Mike Tyson a jihar Connecticut. A 2007 Coca-Cola ta sayi kamfanin ruwan Vitaminwater, wanda yake da hannun jari a ciki, a kan dala biliyan 4.1. Daga nan me ya rage ya faɗa mana? Mai tumbi in ya yi kukan yunwa, ko yara sun san wasa yake. Ya ci gaba da zancen bindiga da maƙiya, amma mun riga mun san inda yake kwana.

Tun a faifansa The Massacre na 2005 ɓarakar ta fara, duk da ya sayar da fiye da miliyan 1.1 cikin kwana huɗu. Mutumin da ya gama yi wa Ja Rule zambo kan waƙoƙin zaƙin baki na 'yan mata, sai ga shi yana rera irinsu. Ka san a lokacin na faɗa maka, ka ce hassada ce.

Ranar da ta raba gardama ita ce 11 ga Satumba, 2007. Ya saki faifansa Curtis rana ɗaya da Graduation na Kanye West, bayan ya cika baki cewa in Kanye ya fi shi ciniki zai daina fitar da faifai nasa na kansa. A makon farko Kanye ya sayar da 957,000, shi 691,000. Bai daina ba, kuma adadin nasa ba abin rainawa ba ne, amma kunnen jama'a ya riga ya juya. An fara son mawaƙin da zai yi zancen mahaifiyarsa, da shakkarsa, da kunyar da ya sha. Bayan shekara biyu Drake ya ɓullo ta wannan ƙofa. Shi kuwa gogan naka yana nan da sulkensa, ba ya kuka, ba ya nadama.

Na san za ka ce satar waƙa ta intanet ce ta kashe kasuwar kowa. Ta yi ɓarna, ban musa ba, har ma faifansa Before I Self Destruct ya ɓulla a intanet tun kafin ranar fitarsa a 2009, ya tsaya a wajen 160,000 a makon farko. Sai dai Lil Wayne ya haura miliyan ɗaya a mako guda a 2008, Eminem ya yi 741,000 a 2010. Kasuwa ɗaya suke ci.

Ga kuma faɗa, wanda a da shi ne makaminsa. Ya kori The Game daga ƙungiyarsa ta G-Unit, ya taɓa Fat Joe, ya taɓa Jadakiss. Da ya zo kan Rick Ross a 2009, ya ɗauka ya sami nama, tunda an bankaɗo cewa mutumin ya taɓa aikin gandiroba alhali yana kiran kansa uban daba. Ya yi ta yi masa ba'a a bidiyo. Mutane suka kalla, suka yi dariya, suka je suka sayi faifan Ross har ya hau na ɗaya. A nan na gane cewa an daina tsoron bakinsa.

Daga baya ma zuciyarsa ta bar wajen. Animal Ambition ya fito a Yunin 2014, bai kai 50,000 ba a makon farko, kuma a watan ne aka fara nuna shirinsa na talabijin, Power. Street King Immortal da ya shekara da shekaru yana mana alkawari, a 2021 ya ce ya fasa.

Abin da ke ba ni mamaki, da ya yi rangadin cika shekara 20 da faifan farko a 2023, filaye cika suka yi ta yi. Jiya da dare na saka na 2009 don in yi maka adalci. Kiɗan da nauyi, muryar tana nan daram, ba ta dushe ba kamar yadda ka ce. Amma ban kai rabi ba na tsinci yatsana ya koma kan na 2003.

Ka saurare shi kai ma, ka rubuto min in ka iya kaiwa ƙarshe. Ka gaida madam da yara, ka kuma ce wa ƙanin naka ina nemansa da magana.

Naka har kullum,
Abokinka