Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano Kan Ganuwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kuka na kawo a kan ganuwar birni. Duk wanda ya biyo titin BUK daga Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya zai ga ƙofofi sun sha siminti da fenti, gwanin kyau, amma katangar da ke haɗa su ta kusa ƙarewa. Wani wurin tudun jar ƙasa ne kawai, awaki na hawa, ledoji sun lulluɓe gindinsa. Wani wurin kuma shago ne ya zauna daram a kanta.

Sarki Gijimasu ne ya fara ginin nan tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa shi a ƙarni na 15. A 1903 sai da Turawa suka yi amfani da igwa kafin su samu shiga ta Ƙofar Kabuga. Abin da igwa ba ta gama da shi ba, mu ne muke ƙarasa shi da shebur da baro.

Ba doka aka rasa ba. Tun 1959 ganuwar tana cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta kare, a 2007 kuma ta shiga jerin wuraren da Najeriya ke nema wa amincewar UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a matsayin kayan tarihin duniya. Duk da haka a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. An gina wata a gurbinta, amma kowa ya san ba ita ba ce.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne a fara da shata iyakar abin da ya rage, a kafa alamu, a hana ɗibar ƙasa da yanka filaye a jikin badala. In an tashi gyara kuma, don Allah kada a kira masu bulo. Ginin ƙasa ne, tubali da yaɓe yake so, kuma yaɓen ba na shekara ɗaya ba ne, duk bayan damina sai an koma, kamar yadda unguwanni suke fitowa gayya a da. Har yanzu akwai maginan gargajiya a cikin birni da suka san yadda ake kwaɓa ƙasa da makuba, sai dai mafi yawansu tsufa ya cim musu. A neme su ta hannun masarauta tun suna iya hawa tsani, a haɗa su da samarin da za su koya.

Allah ya yi jagora.

Naka,
wani mazaunin cikin birni