Godiya Ga Masu Aikin Lantarki Na Sabon Gari Da Suka Sa Mana Fitilar Tsaro A Samaru

Zuwa ga Malam Injiniya, maigidan shagon wayarin da kayan sola da ke wajen PZ a Sabon Garin Zariya, tare da yaran shagonsa baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Ya aiki, ya kasuwa? Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na ga bai kamata godiyata ta tsaya a waya tsakanina da ku ba. Na rubuto ta a fili ne domin masu gidajen haya irina, na Samaru da Palladan da Zango har zuwa Kongo da Tudun Wada, su ji irin aikin da kuka yi mana na kafa fitilar tsaro mai kunna kanta idan ta ji motsin mutum, su kuma san abin da ya kamata su nema a wajen duk wanda za su ɗora wa irin wannan aiki.

Ni ce mai kula da wani gidan haya na ɗalibai mata a Hayin Dogo. Galibinsu 'yan Jami'ar Ahmadu Bello ne, 'ya'yan mutane daga garuruwa masu nisa, waɗanda iyayensu suka damƙa mini amanarsu. Idan jarrabawa ta matso, wasu ba sa dawowa daga karatun dare sai dare ya yi nisa, wasu kuma su fita tun kafin gari ya waye. Lungun da ke tsakanin titi da get ɗinmu duhu ne ƙirin. Yarinya za ta tsaya tana laluben mukulli a jaka, tana haska hannunta da waya, wayar da ita ce mai ƙwace yake nema. Ƙwan da ke bakin get kuwa ya zame mana matsala: in an bar shi a kunne bayan an ɗauke wuta, ya taya sauran kaya shanye batirin inbata kafin asuba, in an kashe shi kowa ya shigo a duhu.

Abin da ya fara sa na natsu da ku shi ne ba ku sayar mini da komai ba sai da kuka zo kuka ga gidan. Ni fitila huɗu na yi niyyar saye. Kuka zaga katanga, kuka tambayi ta ina yaran suke shigowa, kuka ce biyu sun isa, ɗaya a kan get, ɗaya a kusurwar da take kallon rijiya da bayan gida. Kuka yi mini lissafi a bayan kwali: fitila mai wat 20 idan ta kwana a kunne awa 11 ta ci wat-awa 220, amma idan na'urar gane motsi ce ke kunna ta, ko da jimillar kunnuwarta a dare ta kai awa ɗaya cif, wat-awa 20 ke nan, sai ɗan abin da na'urar kanta take ci, wanda bai taka kara ya karya ba. Ɗan kasuwar da zai rage wa kansa ciniki don ya gaya maka gaskiya ya cancanci a faɗi alherinsa a bainar jama'a.

Wayarin ɗin bai ɗau lokaci ba. Kun kashe wuta daga babban makunni, kun gwada da testa kafin kowa ya taɓa waya, kun haɗa wayar ƙasa da jikin fitilar tunda na ƙarfe ne kuma wutar gida bolt 230 ce. Kun shigar da waya ta ƙarƙashin akwatin na'urar, kun bar mata ɗan lanƙwasa don ruwan sama ya ɗige ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga ciki, kun kuma ɓoye na'urar a inuwar kwanon rufi saboda ruwan watan Agusta. Wani abu da ban manta ba, kafin babban yaronku ya hau tsani sai da ya ce in aika a yi sallama a maƙwabta, domin daga saman katangar ana hango tsakar gidansu, kuma gidan matan aure ne. Maƙwabcina har yau yana ambaton wannan tarbiyya.

Amma inda na ga gwanintarku ta gaske shi ne wajen saiti. Na san gidaje a nan Samaru da aka kafa musu irin wannan fitila da rana tsaka, aka karɓi kuɗi aka tafi, fitilar ta kwana tana kunnuwa tana mutuwa har masu gida suka gaji suka cire mata waya. Fitilar da take kunnuwa don akuya da iska da mai wucewa a titi kamar kare ne mai haushin komai, ranar da ɓarawo zai zo ba wanda zai leƙo. Ku kuwa kuka ce mini aikin bai ƙare ba sai kun gan ta da dare, kuma kuka cika alkawari, kuka taso tun daga Sabon Gari bayan sallar isha'i.

A daren ne kuka fahimtar da ni yadda abin yake aiki, kuma zan maimaita shi yadda na gane domin masu karatu. Na'urar ba kyamara ba ce, ba ta kuma harba wani haske. Ɗumin jiki take ji. Wannan farin murfin roba mai gida-gida da ke gabanta yana yanka filin da take kallo zuwa layi-layi, to idan abu mai ɗumi ya tsallaka daga wani layi zuwa wani, sai ta ji canjin ta kunna fitila. Shi ya sa ta fi saurin kama wanda ya gifta ta gabanta a kan wanda ya miƙo tsaye yana nufo ta. Kun nuna mana da ido: yaronku ya taho sak daga bakin lungu, fitila ba ta kama ba sai da ya kusa get, da ya gifta ta gefe kuwa tun daga nesa ta kama. Saboda haka kuka karkata kan na'urar yadda duk mai shigowa lungun dole ya ratsa ta gabanta. Yanzu yarinya tana karyo kwana haske yake tarye ta, kafin ta isa inda take tsayawa buɗe ƙofa.

Tsayin ma ba da ka kuka zaɓa ba. Kun kafa ta kusan mita biyu da rabi daga ƙasa, inda hannun mai ɓarna ba zai kai ba sai da abin takawa, kuma ba ta yi sama sosai ba har ta riƙa tsallake wanda ke kusa. Kwalin ya ce tana gani har mita 12, wanda a wajenmu ya kai titi, inda 'yan acaɓa da keke suke wucewa har tsakar dare. Sai kuka ɗan duƙar da kanta ƙasa, kuka rage maɓallin nisan ganinta, wanda aka rubuta wa SENS, kaɗan-kaɗan, yaronku yana kai da komo, har iyakarta ta tsaya a bakin lungu. Ɓangaren da yake kallon ƙofar maƙwabta kuma kuka liƙe shi da ɗan baƙin salatif, fitilar kanta kuka sunkuyar da ita don ta haske ƙasa da fuskar mai tsayuwa a get, ba tare da ta watsa haske cikin gidan mutane ba.

Maɓallin LUX, wanda ke hana ta kunnuwa da rana, kun ce ba a saita shi daidai sai da magariba, a daidai duhun da ake so ta fara aiki, don haka kuka koya wa ɗaya daga cikin yaran yadda za ta murza shi daga alamar wata zuwa wajen alamar rana a hankali har fitila ta amsa. Na TIME, mai ƙayyade daɗewar fitila a kunne, kuka bar shi a wajen minti biyu, gwargwadon buɗe kwaɗo da shigar da kaya.

Fitilar bayan gida ce ta fi ba ku aiki, kuma a nan na ƙara ganin haƙurinku. Kwanakin farko ta riƙa kunnuwa ba kowa a wajen. Da na kira ku ba ku ce mini kayan ne haka suke ba. Kuka dawo kuka zauna a duhu kuna kallo, har kuka gano abu biyu: iska mai zafi daga salansar janaretan maƙwabta tana bi ta gaban na'urar, sannan reshen dogon yaro, wanda ya sha rana yini guda, yana kaɗawa a cikin filin da take kallo. Kuka matsar da ita gefe, kuka sa aka rage reshen, magana ta ƙare. Ko kuɗin mota kun ƙi karɓa. Kun kuma kwantar wa yaran da hankali game da abin da ya fi tsorata su, wato kunnuwar fitila da kanta idan an dawo da wuta cikin dare. Kuka ce ɗabi'ar na'urar ce, takan kunna na ɗan lokaci, wajen minti ɗaya, kafin ta daidaita.

Akwai gargaɗin da kuka yi mini tun lokacin sanyi, wanda na ga tabbacinsa da bazara. Kun ce idan zafin Maris da Afrilu ya shigo, katanga da ƙasa sukan riƙe zafi har bayan faɗuwar rana, bambancin ɗumin mutum da na abin da ke bayansa ya ragu, sai nisan ganin na'urar ya gajarta. Haka kuwa aka yi, muka ƙara SENS kaɗan kamar yadda kuka nuna mana, da damina ta sauka muka mayar. Da hunturu kuma ƙura ce ke rufe murfin robar, sai a goge da tsumma mai laushi, ban da fetur ko kalanzir da za su ɓata robar. Ɗaya daga cikin yaran, 'yar sashen injiniya, ta kawo shawarar a sa na'urar ta cikin taga don kada a sace, kuka bayyana mata cewa gilashi yana tare irin ɗumin da take ji, ta bayan gilashi ba za ta ga kowa ba. Na ji daɗin yadda kuka amsa mata da mutuntawa, kamar abokiyar sana'a.

Ba ku yi mini alkawarin abin da fitila ba za ta iya ba. Kun ce ita tana tona asirin mai laɓewa ne, tana kuma farkar da mutanen gida, amma ba ta maye gurbin kwaɗo mai kyau da 'yan sintirin unguwa, don haka kada in daina biyan kuɗin sintiri. Ban daina ba. Su kansu 'yan sintirin sun ce mini yanzu idan suka hango haske ya tashi a lungunmu cikin dare, sun san mutum ne ya shiga, sai su leƙo.

Ina da roƙo ɗaya, Malam. Takardar da ke zuwa cikin kwalin da Turanci take, da ƙananan haruffan da ko da tabarau da ƙyar nake ganinsu. Da za ku rubuta wannan bayani da kuka yi mana da Hausa a takarda guda, yadda ake murza maɓallan nan da abin da za a duba idan fitila ta riƙa kunnuwa haka kawai, ku riƙa bai wa duk wanda ya saya, da kun taimaki gidaje da yawa. Mai unguwarmu ma ya tambaye ni a kanku saboda lungun masallaci da na makarantar allo, na kuma yi masa kwatancen shago, ku sa ran zuwansa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi a sana'a, ya tsare ku da yaranku daga haɗarin wuta da na hawa sama, ya jiƙan magabatanku. A gaishe mini da yaran shago duka.

Wassalam.

Taku,
Mai kula da gidan ɗalibai mata,
Hayin Dogo, Samaru, Zariya.