Zuwa Ga Iyaye: Batun Tafiyar Ɗaukar Hoto a Yankari

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Ya gida, ya sanyi?

Takardun amincewar da muka ba 'yan aji biyu na babbar sakandare har yau yawancinsu ba su dawo ba. Ya kuma zo kunnena wai wasu na cewa yawon shan iska za mu kai yara da sunan karatu. To, ga bayani, kuma ba zan sake maimaitawa ba.

Dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri tun 1956 aka keɓe shi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, giwayensa kuwa suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar nan. Masu aikin kare namun daji da hoto suke ƙidaya: a ɗaure kyamara a jikin bishiya, dabba na giftawa ta ɗauka, a san me ya rage da inda yake bi. Yanzu da rani ya kama, ɓauna da gwanki da giwa duk suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa, lokacin ke nan. Abin kunya ne baƙo ya taso daga Turai ya ga wannan, ɗan Bauchi bai taɓa wuce gadar Dindima ba.

Rabin yinin kuma a ƙauyen Mainamaji za a yi shi, a bakin ƙofar dajin. Manomin da giwa ta taka wa gona a dare ɗaya yana da nasa labarin, ina so yaranmu su ji daga bakinsa, su ɗauko shi yadda yake. Za mu wanke hotunan da suka yi kyau, mu baje su ranar rabon kyaututtuka, ku saya. Kuɗin da aka samu, littattafai za su zama ga 'yan firamaren yankin. Sharaɗi: sai an gaida mai gari, ba a ɗaukar kowa sai da yardarsa, ba shiga gidajen aure, ba zuba fuskokin mutane a TikTok. Wanda ya karya, wayarsa za ta kwana a ofishina har ƙarshen zango.

Malaminmu na kimiyyar halittu, Allah Ya saka masa da alheri. Da kyamararsa yake koya wa yaran ɗaukar hoto bayan La'asar, ko sisi bai nema ba. Da ma wasu malaman za su yi koyi.

Kada a cika wa yara jaka da abinci, birran sansanin Wikki, masaukin baƙi na cikin dajin, ƙwace suke yi. Wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki kuwa babu shi a tsarinmu, kada yaro ya ce muku akwai.

Kuɗin mota yana nan yadda aka yanke a taron iyaye da malamai. Takardar da ba ta iso ranar Alhamis ba, mai ita ya zauna.

Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu. Makara da safe ta sake dawowa, a kula.

Wassalam,
Shugaban Makaranta