Rahoton ayyukan shekara: gwajin madara a wurin tarawa

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Babban aikin ƙungiya a bana shi ne tabbatar da yin gwaji kafin a juye madarar kowa cikin babbar tukunya. Tsarin bai canza ba: a buɗe murfi a shinshina, a tace da farin ƙyalle mai tsabta, sannan a tsoma laktomita, wato ma'aunin kaurin madara. Madarar saniya da ba a taɓa ba tana nuna wajen 1.028 zuwa 1.032 a zafin digiri 20. In ta yi ƙasa da haka, galibi an tsarga ruwa.

A nan ne aka fi samun saɓani, musamman da rani lokacin da shanu suka ƙafe. Madara mai ɗumi, wadda aka tatso yanzu, tana nuna ƙasa da gaskiyarta, don haka a bar ta ta huce kafin a zargi kowa. Kuma ma'aunin yana ruɗuwa: cire mai yana ɗaga lamba, zuba ruwa yana sauke ta, wanda ya yi duka biyun sai ya wuce salin alin. Shi ya sa mai karɓa yake duba launi da maiƙo, ba lamba kaɗai ba. Ruwan rafi da ake ƙarawa, ko garin ƙwallon kuka da ake kaurara nono da shi, ba ha'inci kawai ba ne, hanyar gudawa da taifot ce.

Gwaji na biyu na sifirit ne mai ƙarfin kashi 68 cikin 100: mililita 2 na madara, 2 na sifirit, a girgiza. In ta yi gudaji, ta fara tsami, ko akwai dakashi, wato nonon farko bayan haihuwa, a ciki, ko saniyar tana da ciwon hantsa. Inda babu sifirit, a tafasa cokali guda a gani ko za ta tsinke.

Mun ci gaba da dafawa a digiri 63 na minti 30, saboda bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, da tarin fukan shanu suna kama mutum ta ɗanyar madara. Bayan dafawa a sanyaya da wuri, zuwa digiri 4 inda akwai firij.

Inda muka gaza shi ne ragowar maganin allurar shanu da ke fitowa cikin madara. Tafasawa ba ta kawar da shi, kuma ba mu da kayan gano shi. Alamarsa dai kindirmo ya kwana bai kama ba. Duk wanda ya yi wa saniya allura ya ware madararta har kwanakin da ke rubuce a jikin kwalba su cika.

Mun zauna da duba-gari na ƙaramar hukuma kan jarkokin roba masu ƙaramin baki, waɗanda hannu ba ya shiga a wanke cikinsu. Daga farkon damina, mazubi mai faɗin baki na alminiyom ko ƙarfen da ba ya tsatsa kaɗai za a karɓa.

Kwamitin gudanarwa